Ƙwallon Goriba a Tukunyar Gishiri

Hawata, 12 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga ƙanwata Ihsan, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yata Lamis da mutanen gidan kawunki a Gadarif. Mu nan lafiya, in dai wannan ake kira lafiya. Tun da shabakar sadarwa ta yanke, wayoyinmu suka koma tocila, dole na dawo ga biro da takarda da girmana. Aliyu mai lorin dawa zai kawo miki wannan, shi kuma zai karɓo amsa.

Kin san ba na iya kewaye-kewaye. Husaini, maƙwabcinku na Khartum, ya iso nan ranar Juma'a. Ya rame har sai da ya faɗi sunansa muka gane shi. Ya ce a sito ɗaya aka tsare su da mijinki Abdulhakim, wanda masu bindiga suka kama a watan bakwai. Ya ce a watan Mauludi zazzaɓi ya kayar da Hakim, kwana biyar bai sa komai a baki ba, daga nan ya ga an naɗe shi a bargo an fita da shi, ƙafafunsa suna lilo. Washegari aka mayar da Husaini wani wuri. Ya dafa Alƙur'ani a gaban Baba a kan abin da ya gani.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka har muryata ta dishe. Baba bai yi ba. Ya shiga rumfa ya zauna, da la'asar ya fito ya ce za a yi sadaka ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi, takwas ga watan uku. Ya ware bijimin da za a yanka. Ya ce ki taho ki zauna takaba a gidan uban mijinki kamar yadda aka saba. Gwaggo Luba, ƙanwar Baba, har ta yanko miki farin tob, mayafin takaba.

Sai wani abu kuma, kamar wannan bai ishe mu ba. Mako uku da suka wuce wani direba da ba mu sani ba ya bar wa mai kantin bakin hanya wani ƙulli, wai a kai gidan Harun, wato gidan Baba. Na fata ne, ɗinkakke, girman lemo, da rubutu a jikinsa. Gwaggo Luba na ganinsa ta yi salati ta ce sammu ne aka turo mana, ga shi kuwa mummunan labari ya biyo bayansa. Da a kogin Rahad za a jefa shi, to kin san Rahad a wannan lokaci, yashi ne kawai da 'yan kududdufai. Yana can bayan danga cikin tukunyar gishiri. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Ki yi haƙuri, ya ukhti. Ki gaya mini ranar da za ki taso.

Yayarki,
Hajjo


Gadarif, 15 ga Fabrairu, 2024

Yaya Hajjo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ki gaishe mini da Baba da Gwaggo, Allah ya ƙara musu haƙuri. Lamis tana gaishe ku. Ban gaya mata ba.

A bakin kasuwar amfanin gona na karanta, wurin da nake sayar da shayi. Na karanta, na ninke, na zuba wa wani mutum sukari cokali biyar. Har yanzu ban yi kuka ba, kuma wallahi ban san dalili ba. Kada ki ɗauka taurin zuciya ne. Kaina ne ya ɗaure.

Na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce idan a Mauludi ne ya rasu, to wata huɗu da kwana goma sun riga sun cika, takabata ta wuce. Na tambayi wani malamin, ya ce Husaini bai ga an sa shi a ƙasa ba, bargo kawai ya gani, don haka ni matar aure ce har yanzu. Gwaggo kuma ta yanko farin tob. To Yaya, ni wace ce? Wadda ta gama takabar da ba ta san ta fara ba, ko wadda za ta fara, ko wadda mijinta zai shigo ya tarar da ita tana yi masa? Kowa na tambaya sai ya ba ni amsa da ƙarfin gwiwa, ni kaɗai ce ban sani ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba don kunya. Ranar da muka gudu daga Khartum jaka biyu ce baƙa a bayan ƙofa. Ɗaya tawa, da takardar aurenmu da shaidar makarantata da awarwaron mahaifiyata. Ɗaya ta Ustaz, ƙanenki. Na sunguma ɗaya na ja Lamis, ban buɗe ba sai a Madani. Ta Ustaz na ɗauko. Tawa ya koma ɗaukowa a watan bakwai, Yaya. Ni na yi ta mita har ya tafi. Wannan shi ne abin da ke cina.

Jakar tana ƙarƙashin gadona. Babu komai ciki sai littattafan rubutu guda shida na binciken nan nasa da Baba ya tsana. Kin tuna Baba yana cewa ya tura yaro Khartum ya karanta noma ya dawo masa da wasa? Ni ma na sha yi masa dariya. Malamin motsa jiki, maimakon ya yi digirinsa na biyu a kan ƙwallon ƙafa da kowa ya sani, sai ya ɗauko wani wasan Amurkawa wai besbol, wanda babu mai yi a duk unguwarmu. Kuma ba na yau ba, na shekara ɗari da sittin da suka wuce.

Yanzu su nake karantawa idan kasuwa ta yi sanyi, don ba ni da wani abu nasa. Ga abin da na fahimta. Amurkawa ma sun taɓa yin yaƙi da junansu, Arewa da Kudu, daga 1861 zuwa 1865. Sojoji sun fi zaman jira a sansani a kan faɗan kansa, sai su share fili su yi wannan wasa. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda ya zura a guje, ya zagaya wurare huɗu ya dawo inda ya taso. Wai wannan dawowar ita ce ci. Mutanen gari kaza da nasu ƙa'idar, na gari kaza da tasu. A wata ƙa'idar ma mai gudun ake jifa da ƙwallon a jiki. Sai a sansani suka haɗu suna gardama, da yaƙi ya ƙare kowa ya koma garinsu da wasan. Har a kurkuku fursunonin yaƙi sun yi, akwai hoton zanen da ya manna a littafi na uku, mutane sun yi da'ira suna kallo kamar ranar salla.

Na karanta ƙa'idojin sau uku, har yanzu ban san wa ke bin wa ba. A gefen shafi ya rubuta da jan biro: "Me ya sa mutumin da zai iya mutuwa gobe yake rantsuwa a kan ƙafarsa ta taɓa dutse ko ba ta taɓa ba?" Bai rubuta amsa ba. Haka yake, sai ya bar ki da tambaya ya tafi sayo burodi.

Zancen ƙullin nan, ku bar Gwaggo ta yi yadda ta ga dama, ni ba shi ne a gabana ba. Ban san ranar da zan taso ba. Ki roƙar mini Baba ya ba ni kwanaki.

Ƙanwarki,
Ihsan


Hawata, 19 ga Fabrairu, 2024

Ihsan,

Salamu alaikum. Kowa yana amsa gaisuwarki.

Na tambaye ki rana, kin aiko mini da tarihin Amurkawa. Ni ina ruwana da yaƙinsu? Namu ya ishe ni. Zancen jaka kuwa ki cire shi daga ranki. Ni na goyi Hakim, na san shi tun yana tsumma. Ko ba ki yi mita ba zai koma, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ban gaya wa Baba ba, kuma ba zan gaya masa ba.

Baba ya ce kwanaki suna hannunki har zuwa ranar Laraba kafin sadaka, bayan nan babu. An aika wa dangi na Galabat da na Fau. Kada ki ba mu kunya mutane su taru babu matar mamaci.

Kin ce ƙullin ba shi ne a gabanki ba, to mu shi ya hana mu sakat. Gwaggo ta kira wani malami ya duba shi, da tsinke ya juya shi, bai taɓa da hannu ba. Fatar ɗaya ce aka yanka kunne huɗu aka naɗe, ɗinkin ya gicciya, ya raba shi gida huɗu kamar hatimi. A kowane gida akwai lamba. Ni da idona na ga ashirin da ɗaya, na ga sha bakwai, na ga tara da ɗaya da 'yar sanda a tsakaninsu. Na huɗun yana ƙasa cikin gishiri, babu wanda ya yarda ya tono shi. Malamin ya farke ɗinkin kaɗan da wuƙa. Zare ne a ciki, an naɗe shi tam, kala-kala, duk a lanƙwashe kamar an warware tsohuwar safa. Ya soka allura ta tsaya a kan abu mai tauri, ya ce ƙwallon goriba ne. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan aiki ba, wanda ya yi shi ba ƙaramin mugu ba ne. Gwaggo ta ce ashirin da ɗaya yawan mutanen gidan nan ne. Na ƙirga, mu goma sha tara ne, ta ce ai da masu ciki.

An yanke za a ƙone shi ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci. Ni dai a ƙone shi mu huta, gishirin ma asara ce.

Ki zo da kayan Lamis masu kauri, da safe akwai sanyi a nan.

Hajjo


Gadarif, 21 ga Fabrairu, 2024

Yaya Hajjo,

Salamu alaikum, ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ban jira Aliyu ba, na ba wani mai motar riɗi wannan.

Don Allah, don Annabi, kada ku ƙone abin nan. Ki tsaya a kansa ko da za ki zauna a kan tukunyar.

Ba sammu ba ne. Ƙwallo ce. Ina karanta takardarki na jawo littafi na biyu. Ustaz ya rubuta cewa sojojin can, idan ba su da ƙwallo, sukan samu ƙwallon wani ɗan itace mai tauri su naɗe shi da zare, su rufe da fatar tsohon takalmi. Ya zana yadda ake yanka fatar a wancan zamani, kunne huɗu, ɗinki a gicciye. A gefe ya rubuta: "A nan goriba za ta yi." Kuma ya taɓa gwadawa a gida. Safata ya warware, muka yi kwana biyu ba na yi masa magana.

Lambobin ma suna cikin littafin. Al'adarsu ce a lokacin, idan an gama wasa waɗanda aka cinye su miƙa ƙwallon ga waɗanda suka ci, a rubuta sakamako da kwanan wata a jikinta, a ajiye. A tsohuwar ƙa'ida, tun kafin yaƙin nasu, wanda ya fara kai ashirin da ɗaya shi ya ci, kuma Ustaz ita ya fi so. Ashirin da ɗaya da sha bakwai sakamakon wasa ne. Tara da ɗaya kwanan wata ne, tara ga watan ɗaya. Gidan da ke cikin gishiri shekara ce.

Ga inda kaina ya sake ɗaurewa. Idan ashirin da uku ce, to tsohuwar ƙwallo ce daga gidanmu ko daga makarantarsu, wani ya tsinta ya aiko, ba ta ce komai ba. Ya yi irinta fiye da ɗaya, ban san inda ya kai su ba. Idan ashirin da huɗu ce, Yaya, to wata uku da wani abu bayan bargon Husaini akwai wanda ya zauna ya warware safa. Kin san mutum nawa ne a ƙasar nan za su yi wannan?

Tsoro nake ji. Jiya na fara sabawa da cewa ya tafi, yau kuma ban sani ba. Idan kika juya ta kika ga uku, zan rasa shi karo na biyu. Duk da haka ki juya ta. Ki sa hannu, babu abin da zai same ki, in wani abu ya same ki a wuyana. Sannan ki nemo mini direban da ya kawo ta.

Ƙanwarki mai roƙo,
Ihsan


Hawata, 26 ga Fabrairu, 2024

Ihsan,

Salamu alaikum wa rahmatullah.

Kin sa ni abin da ban taɓa yi ba. Takardarki ta iso ranar Juma'a da hantsi, an riga an tara kara. Na karanta Ayatul Kursiyyu ƙafa uku, na naɗe hannuna da tsumma, sai na ji haushin kaina na yar da tsumman na cusa hannun a gishiri. Gwaggo tana ihu daga bakin madafa wai na kashe kaina.

Ashirin da huɗu ce.

Na zauna daɓas a ƙasa da abin a cinyata. Ban san ko dariya na yi ko kuka ba, matan gida sun ce duka biyun. Ba a ƙone ta ba. Amma kada ki yi saurin murna, don Baba bai motsa ba. Na je rumfa na durƙusa na yi masa bayani iya yadda na gane, da Amurkawan da safar da komai. Kin san yadda bayanin ya fito daga bakina, ni kaina ban gamsu ba. Ya ce, "Hajjo, mutum ya dafa Alƙur'ani a gabana, ke kuma kin kawo mini goriba." Ya ce lamba kowa yana iya rubutawa. Na miƙa masa ya duba, ya kau da kai. A ganina tsoron sa rai yake yi, ba gardama ba. Ya ce sadaka tana nan. Gwaggo ta ƙwace ƙwallon ta mayar cikin gishiri.

Husaini ma na same shi. Ya ce bai san wani wasa ba, a lokacinsa ko tsakar gida ba a fitar da su. Ya yi kuka ya ce shi abin da ya gani ya faɗa. Na yarda da shi. Na yarda da ke kuma. To ki gaya mini yadda mutum zai yarda da ku biyun.

Direban kuwa Aliyu ya gano shi. Ya ce wata mata ce a Fau ta ba shi, matar wani Jibril magini, wanda aka sako daga Khartum yana kwance ba lafiya. Wai ta haɗa shi da dogon saƙo na baka, shi kuma da ya iso Hawata tayarsa ta yi faci, ya bar wa mai kanti ya wuce, saƙon ya tafi da shi. Allah ya shirya direbobi. Aliyu zai bi ta Fau ranar Laraba. Ki rubuta wa Jibril ɗin nan, ke kika san abin da za ki tambaya. Kwana goma sha ɗaya suka rage.

Yayarki,
Hajjo


Fau, 2 ga Maris, 2024

Zuwa ga Ummu Lamis, iyalin Ustaz Abdulhakim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki da gaisuwar girmamawa. Ni ne Jibril. Ki yafe mini, laifina ne. Na iso gida da ciwo, kwana ashirin ban san inda nake ba, matata ta aika da amanar kada in mutu da ita a hannuna. Na ɗauka saƙo ya isa.

Zan amsa tambayoyinki yadda kika jero su.

Zancen bargo gaskiya ne, ina wurin. Mu ma mun yi masa addu'ar mamaci. Bayan kwana tara aka dawo da shi yana tafiya yana dafa bango. Ashe wani ɗaki suka kai shi inda ake ajiye marasa lafiya, Allah bai karɓi ransa ba. Lokacin an riga an kwashe su Husaini.

Wasan ya fara ne bayan nan, da aka soma fitar da mu tsakar sito awa ɗaya da rana. Da, zama kawai muke yi kowa ya haɗa kai da gwiwa. Wata rana Ustaz ya tashi ya jera bulo huɗu, ya ɗauko ƙafar wani karyayyen gado, ya ce mu tashi. Wallahi mun ɗauka zazzaɓin ya taɓa masa kai. Masu gadi ma haka suka ɗauka, shi ya sa suka ƙyale shi. Ƙwallon daga goribar da aka ba mu a madadin abinci ya yi ta, da safar mutum shida da fatar takalmina. Mako biyu muna gudu ta inda ba daidai ba, yana dafe kai. Daga baya sai ga mu muna rantse-rantse a kan wa ya taɓa bulo. Akwai wani dattijo da ya daina magana tun da aka kawo shi, a kan bulo na uku ya fara zagi. Ustaz ya ce mana wasu fursunoni a Amurka sun yi haka a zamanin da. Muka ce su ma Allah ya jarrabe su da malami irinka?

Kin tambayi ranar tara ga watan ɗaya. Da safen aka kira sunayen mutum huɗu da za a saki washegari, har da ni. Takarda ba ta fita daga wurin, ko ƙyalle mai rubutu suka gani sai sun yaga. Da rana muka yi wasa, ɓangarena da na Ustaz. Muna ashirin suna sha bakwai na doki ƙwallo ta tashi sama ta nufo shi kai tsaye. A ƙa'idarsa, ko bayan ta taɓa ƙasa sau ɗaya ka cafe, mai dukan ya fita. Ustaz bai taɓa sakin ƙwallo ba tun da muka fara. Ran nan ta faɗi a gabansa, ta yi tsalle, ta sake faɗuwa. Ya ce rana ce ta shiga idonsa. Muka cinye su, ba don ina yabon kaina ba, dukan ya yi kyau.

Sai ya ce doka ce, wanda ya ci shi ke tafiya da ƙwallo, kuma dole a rubuta sakamako. Wani mai gadi yana dariya ya ara masa biro. Da za mu fita aka laluba ni, mai gadin ya ce a bar masa, kofinsu ne. Ustaz ya ce mini, "Ka kai gidan Harun a Hawata. Babana ba ya yarda da an ce, sai ya ga hannuna. Matata kuma za ta gane, in ta huce."

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Ranar goma ga watan ɗaya na bar shi a tsaye da ƙafafunsa, ya rame amma yana tsokanar mutane, yana neman wanda zai ba da safa. Bayan wannan rana ban sani ba. Ba zan faɗa miki abin da ban gani ba.

Allah ya fito da shi. Ki gaishe da Lamis, kullum yana zancenta.

Naku,
Jibril


Gadarif, 5 ga Maris, 2024

Yaya Hajjo,

Salamu alaikum. Ga takardar Jibril na haɗo miki, ki karanta wa Baba da kanki, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ki karanta masa wurin da rana ta shiga idon Ustaz sau biyu. Bawan Allah Jibril har yau yana jin shi ya iya duka. Da gangan ya sake ta, Yaya, don ta samu hanyar fita.

Yau na yi kukan. Na yi shi a gaban masu shan shayi, ban ji kunya ba.

Ban san ko yana raye yau ba. Wata biyu ke nan, kuma kin san abin da wata biyu ke yi a wurin nan. Amma ba zan sa fari a kan mutumin da aka bari yana neman safa ba. Ban taɓa saɓa wa Baba ba, ban kuma san yadda ake yi ba. Idan ya ce in zo, zan zo in durƙusa a gabansa da tob ɗina mai launi, ya yi mini hukuncin da ya ga dama. Ki roƙe shi abu ɗaya kawai, ya dubi lambobin da idonsa.

Ƙanwarki,
Ihsan


Hawata, 8 ga Maris, 2024

Ihsan,

Salamu alaikum.

Takardunki sun iso jiya, baƙin Galabat sun riga sun sauka. Na karanta wa Baba a gaban kowa. Ya ce in sake, na sake. Sai ya tashi da kansa ya zagaya bayan danga, ya sa hannu a tukunyar, ya kakkaɓe gishirin da bakin rigarsa. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Wannan bakwai ɗin mai karkata tasa ce. Shekara goma yana rubuta mini ita a buhunan riɗi ina yi masa faɗa." Daga nan ya sa ta a aljihunsa.

An mayar da bijimin garke. Baƙi sun ci wake da wainar kisra, an yi addu'ar Allah ya kuɓutar da na tsare. Gwaggo ta ninke farin tob ta sa a ƙasan akwati. Ƙwallon tana aljihun Baba, da ita ya tafi masallaci.

Ya ce ki taho ki yi azumi da mu, ke da Lamis, ki sa duk launin da kika ga dama. Ya ce kuma ki zo da baƙar jakar nan. A karanta masa daga littafi na ɗaya, a hankali, yana so ya san abin da ɗansa yake yi a can da rana.

Yayarki,
Hajjo